Kaza Ba Ƙundu

A layin masu sayar da kayan gini na kasuwar Bafoussam, in aka zo maganar Wambo, cewa ake yi idan ya taka ka kada ka tsaya jiran ya ce ka yi haƙuri, ka tafi gida kawai ka jira buhun dankali. Maƙwabcinsa na shago ya ce akwai ranar da Wambo ya zarge shi da janye masa masu ciniki, da gaskiya ta fito bai ce masa uffan ba, sai dai washegari ya tarar an sauya masa kwanon rumfarsa mai yoyo. Matarsa Honorine kuwa takan gaya wa matan coci cewa duk atamfa mai kyau da suka gani a jikinta, to wani faɗa ne aka yi wanda maigidan ya san shi ne da laifi.

"Akwatina cike yake da ban-haƙuri," in ji ta, "amma kunnena bai taɓa jin ko guda ba."

Babu mai kiransa mugu. Cewa dai ake yi Allah ya buɗe masa hannu, ya ɗaure masa harshe.

Wannan Wambon ne yake zaune ranar Lahadi bayan an tashi daga coci a gidan gashin Magne Odile, ya ɗora hularsa a kan gwiwa, yana ta gyara zaman kujerar da ke gabansa wadda babu kowa a kai. Ya matsar da ita kusa, ya ga ta yi kusa da yawa, ya mayar.

Wurin ya riga ya cika. Motocin 'yan Douala da Yaoundé da suka zo bukukuwan makoki a ƙauyuka sun jeru a bakin titi, masu su sanye da anko sun tsaya su ci kazar Magne kafin su kama hanya, don an ce wanda ya zo Bafoussam bai tsaya nan ba kamar bai zo ba. Can gefe, kan rabin gangunan da aka cika da gawayi, kaji ne baje a kan waya, ana shafa musu mai da yaji da gashin tsuntsu, kitse na ɗiga cikin wuta yana tashi da hayaƙi. Rediyo na ta kiɗa. Wambo ya sha wucewa ta nan a mota, yana ɗaga gilashi yana cewa mutumin da ke da mata a gida me ya kawo shi cin abinci a titi. Yau ne farkon shigarsa.

"A'a! Wa nake gani kamar Baba Wambo?"

Magne Odile ce da kanta, mace mai jiki, da tawul a kafaɗa. Uwar tagwaye ce, shi ya sa ake ce mata Magne, kuma a ƙasarsu uwar tagwaye takan faɗi abin da ta ga dama ga wanda ta ga dama. A shagonsa ta sayi simintin da ta gina wurin nan.

"Yau rana ta ina ta fito? Honorine ta yi yaji ne?"

"Tana gida lafiya lau," in ji Wambo. "Baƙo zan yi. Ina son zakara, na gida, ba irin na gidan gona da ke narkewa a baki kamar biredi ba. Babba."

"Rabi ko guda?"

"Guda. Kuma kada a daddatsa mini shi. A kawo shi sukutum, yadda Allah ya halicce shi."

"Har da gashinsa da cararsa?"

"Magne, ba wasa na zo yi ba."

"To, ranka ya daɗe. Sukutum. Da soyayyiyar agada da barkono?"

Ya gyaɗa kai. Ta tsaya ta dube shi, ta dubi kujerar da ba kowa, kamar za ta ƙara tambaya, sai wani ya ƙwala mata kira daga ciki ta juya. Wambo ya so ya ƙara kalma ɗaya, amma kalmar ta maƙale. Ya ce a ransa ai ba sai an faɗa ba. Wane ɗan ƙasar nan ne za a ce masa kaza sukutum bai san abin da ke cikinta ba?

Abin da yake nufi ƙundu ne. A gidan Bamileke, ƙabilar su Wambo, kaza ba ta cika kaza sai da ƙundunta, kuma ƙundu ba na kowa ba ne sai uban gida. Mace ba ta ci, yaro ba ya ci. Ko baƙo mai girma ya zo, sai uban gidan ya ɗauka da hannunsa ya ba shi.

Da mahaifinsu ya rasu a ƙauyensu Baham, Wambo bai taɓa kawo wa ransa cewa wani zai zauna a kujerar tsohon ba shi ba. Shi ne babba. Shi ya kai tsohon asibiti, shi ya rufa gidan da kwano. Amma uba ba ya faɗa wa 'ya'yansa wanda zai gaje shi, aminansa yake gaya wa a asirce, su kuma su riƙe sai an binne shi. Ranar da aka binne shi, tsofaffi biyu suka ratso taro, suka wuce Wambo har rigar ɗaya ta goge shi, suka kama hannun Simo, autan maza, manomin tumatir da bai taɓa barin ƙauye ba. Suka sa masa hular tsohon, suka zaunar da shi a kujerar. Daga wannan lokaci Simo ya daina zama ƙanen kowa. Ya zama uban gida. Gwaggwanninsu masu furfura suka durƙusa suna ce masa Baba.

Da aka kawo kaza gaban sabon uban, kafin ya miƙa hannu, Wambo ya riga shi. Ya zaro ƙundun ya jefa a baki, ya tauna a gaban dangi da surukai da mutanen gari. Sannan ya ce, da muryar da yake kiran 'yan dako da ita a kasuwa, "Yaron da na goya a bayana, na share wa majina, ba zan kira shi Baba ba ko za a binne ni da rai."

Simo ya sunkuyar da kai, hular ta yi masa yawa ta zamo har gira.

Damina ta zo ta wuce sau da dama tun daga nan. Fushin Wambo ya huce tuntuni, ya bar masa wani abu mai nauyi a ƙirji. Da iska ta yaye rufin rumbun gidansu, ya aika da bandir ɗin kwano a mota. Direban ya dawo ya ce an karɓa, an ce a gaishe shi. Daga baya Wambo ya ji labari kwanon na nan jingine da bango inda aka sauke shi, rumbun kuwa an rufe shi da ciyawa.

Sai ga maganar auren Carine, 'yarsa ta fari. Dangin yaron da take so, mutanen Bandjoun, sun ce za su zo ƙwanƙwasa ƙofa, wato neman aure, kuma ba ƙofar Wambo ake ƙwanƙwasawa ba, ta uban gida ce. Carine, wadda ta ɗauko taurin kan ubanta kaf, ta ce babu mai zuwa ko'ina sai ubanninta biyu, Wambo da Simo, sun zauna a benci ɗaya. An sa rana an ɗaga, an sake sawa an ɗaga, har uwar yaron ta fara tambaya a kasuwa ko akwai wani abu a gidan da ba a gaya musu ba. Ita Carine ɗin ce ta hau mota ta kai wa Simo gayyatar yau. Amsar da ta kawo gajeruwa ce: "Tunda ke kika zo, zan je."

Da safe Honorine ta ce bari ta yanka zakara a gida. Wambo ya ƙi. A gida akwai idon mata a bayan kowane labule. Kuma in ka kai mutum wurin da manyan Douala ke layi, ai ka girmama shi.

"To me za ka ce masa?" ta tambaya tana goge masa takalmi.

"Ba sai na ce komai ba. Zan ɗauki ƙundun da hannu biyu in miƙa masa. Simo ɗan gida ne, zai gane."

"Kai dai da ka buɗe bakin nan. Ba ya cizo."

"Mace ba ta san waɗannan abubuwa ba."

"Haka ne," in ji ta. "Atamfa kawai muka sani."

Duk hanya yana gaya wa kansa don Carine yake yi. Amma yanzu da ya hango babur ya tsaya a bakin titi, wani siririn mutum ya sauko yana kakkaɓe jar ƙasa daga wandonsa, ba Carine ce ta faɗo masa a rai ba. Hular ce a kan mutumin, kuma ta zauna masa daram. Ya yi furfura a gemu. Da ya taho tsakanin tebura, hannu ɗaya a baya, yana ɗan jan ƙafar hagu, sai Wambo ya ji kamar tsohon ne ya taso daga kabari ya zo cin kaza. Yaushe Simo ya koyi wannan tafiyar? Wa ya gani lokacin da furfurar ta fara fitowa?

Wambo ya miƙe. Sunan da ya saba kiransa da shi ba ya halatta yanzu, wanda ya halatta kuma ya rantse ba zai faɗa ba. Sai ya bi ta tsakiya.

"An iso?"

"An iso, Yaya."

"Ga wuri."

Suka zauna. Aka kawo lemo mai sanyi, kowa ya riƙe kwalbarsa kamar za a ƙwace.

"Ya hanya?"

"Hanya sai godiya. Gadar nan ta wajen makaranta ce dai har yanzu."

"Ba su gyara ba?"

"Sun zo sun auna."

"Tun ina saurayi suke aunawa," in ji Wambo.

Bakin Simo ya motsa kaɗan, kamar dariya ta leƙo ta koma. Wambo ya ji ƙarfin gwiwa. Ya tambayi tumatir, aka ce ruwa ya yi masa yawa bana. Ya tambayi Gwaggo Mafo, aka ce tana nan, ido ne ya tafi amma baki na nan. Ya tambayi bishiyar fiya ta bayan ɗakin tsohuwa, wadda Simo ya taɓa faɗowa daga kanta yana yaro, Wambo ya goya shi har asibitin mishan.

"Tana nan," in ji Simo. "Ta fi da haihuwa."

Maganar ta mutu a nan. A teburin kusa da su wasu 'yan mata huɗu cikin anko suna ta shewa, suna ɗaukar hoton abincinsu da waya. Simo ya ɗaga kai ya dubi sama ta gefen rumfa, inda hadari ya fara haɗuwa ta wajen Baham.

Sai ga kazar. Mutum biyu suka kawo, ɗaya da faranti ɗaya da ruwan wanke hannu. Zakara ne na gaske, an tsaga shi ta ƙirji an baje, fatar ta yi ja tana ƙyalli, gefe-gefe ta ɗan ƙone, albasa da agada kewaye da shi. Ƙamshin ya sa har 'yan matan suka waiwayo. Wambo ya tura ruwan wanke hannun gaban Simo ya fara wankewa. Simo ya lura, ya wanke.

Wambo ya jawo farantin, ya ɗaga cinya. Babu. Ya ɗaga ɗaya cinyar. Ya leƙa ƙarƙashin fiffike, ya juya zakaran gaba ɗaya, mai ya ɗiga a kan rigarsa ta coci. Ya tone albasa, ya tone agada, ya koma ya sake ɗaga cinyar farko kamar ƙundu na iya ɓuya ya dawo.

"Yaya, wani abu ka yar?"

"A'a. Ina zuwa."

Simo ya zuba masa ido. A hankali fuskarsa ta sauya. Ya dubi cikin kazar wayam, ya dubi yayansa, ya jingina da kujera.

"Ko an riga an ci ne kafin in iso?" ya ce a hankali. "Ka ga an rage wahala."

Maganar ta soki Wambo har ƙashi. Ya buga tebur da tafin hannu, kwalabe suka yi ƙara.

"Magne! Magne Odile!"

Ta taho tana goge hannu a tawul. "Lafiya? Bai gasu ba ne?"

"Me na ce miki? Ban ce sukutum ba?"

"Ga shi kuwa sukutum. Ƙirga ƙafafunsa, biyu ne."

"Ina ƙundun?"

Magne ta riƙe ƙugu ta kwashe da dariya har tawul ɗin ya zamo. "Ƙundu! Baba Wambo, a wace duniya kake kwana? Ai mu nan tun da asuba ake cire ƙundu, a wanke, a yanka, a jera a tsinke. Tsiren ƙundu shi ne abin da ya fi tafiya a gidan nan. Kowa ya sani. Dubi can."

Ta nuna teburin 'yan matan. Sai yanzu Wambo ya ga abin da suke ɗaukar hoto. Tsinke ne a hannun kowace, jere da ƙundu, an barbaɗe da yaji, suna zara da haƙora.

"Mata?" in ji shi.

"Mata mana. Wa zai hana su?"

Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ɗaga tsinkenta. "Baba, bismillah!" Sauran suka tuntsire.

Magne ta juyo tana share hawayen dariya, sai idonta ya sauka kan baƙon. Ta dubi hular. Ta dubi fuskokin biyu, hanci iri ɗaya, goshi iri ɗaya. Ita 'yar ƙauyen da ke maƙwabtaka da Baham ce, kuma labarin ƙundun gidan su Wambo ya daɗe da tsallake rafi. Dariyar ta ɗauke. Ta ɗan rusuna ta tafa hannu sau biyu a gaban Simo.

"Sannu da zuwa, Baba. Ban lura ba." Ta juya ga Wambo ta rage murya. "Kai ma da ka faɗa mini. Kalma ɗaya ce. Bari in sa a yanka wani yanzu, a gasa da komai nasa."

"Kada ki wahala, Magne," in ji Simo. "Hadari ya taso. In ruwa ya sauka babur ba ya haura tudunmu."

"To bari dai."

Ta tafi da sauri, ba ta jima ba ta dawo da faranti cike da tsiren ƙundu, da zafinsa, ta ajiye, ta koma gefe ta tsaya. Wambo ya ɗauki tsinke ɗaya. An yayyanka su ƙanana, ba a gane ina wannan ya ƙare ina wancan ya fara. Ya zare yanki mafi girma, ya ɗora a tafin hannun dama, ya tallafe da na hagu, ya miƙa. Wannan ne abin da ya kwana yana shiryawa, amma yanzu da ya dubi hannunsa, guntun nama kawai ya gani da yaji a jiki.

Simo ya dubi hannun, bai karɓa ba.

"Na wace kaza ne wannan, Yaya?"

Wambo ya dubi guntun naman.

"Ta mutanen Douala, ko ta waɗancan yaran?" Babu fushi a muryarsa, gajiya ce kawai. "Bari in gaya maka wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ni ba na son ƙundu. Tun da aka sa mini hular nan, duk gidan da na shiga sai a tura mini shi, kowa ya zuba ido, ni kuma in yi ta tauna kamar mai cin tayar keke. Ranar nan da ka ɗauka, da ka tsaya a nan, wallahi da na gode maka a zuciyata."

Ɗaya daga cikin masu anko a wani teburin ya yi tari ya kau da kai. An fara saurare.

"Ban nemi kujerar nan ba. Ka fi kowa sani. Da suka kama hannuna, kai na waiwaya nake nema, in ga ko za ka ce mini kada in ji tsoro, kamar ranar bishiyar fiya. Sai na ji abin da na ji." Ya numfasa. "Kwanonka na nan. Mai kyau ne. Na rasa a kan me zan ɗora shi."

Ya jawo ruwan ya sake wanke hannun da bai taɓa abinci ba.

"Maganar Carine kuwa, kada ta hana ka barci. 'Yata ce. Ka gaya wa mutanen Bandjoun su zo ranar da suka ga dama, ƙofa a buɗe take. Benci ɗaya take so, za mu zauna a benci ɗaya. In an gama kowa ya kama gabansa. Ba sai ka sayi zakara ba."

Ya miƙe, ya gyara hular, ya yi wa Magne godiya, ya kama hanyar fita, hannu ɗaya a baya.

Wambo ya zauna da guntun ƙundu a tafin hannu. An ba shi abin da ya ce ya zo nema. Zai iya komawa gida ya ce wa Honorine an gama, Carine ta yi tsalle, a sa rana. Zai iya aika buhun siminti Baham a gyara ɗakin baƙi, a jingine shi kusa da kwanon. Ya dubi bayan ƙanensa yana ratsa hayaƙi, yana ƙara nisa, da tafiyar tsohon da ya tafi bai dawo ba. Shi ma tsohon akwai abubuwan da Wambo ya yi niyyar gaya masa, ya yi ta aika masa da magani da barguna a madadinsu har aka rufe shi da ƙasa.

Ya ajiye naman. Ya miƙe, hularsa ta faɗi daga gwiwa bai ɗauka ba. Leɓensa ya motsa. Abin da ya fito ko shi da kansa bai ji ba, kiɗan rediyo ya haɗiye.

Magne ta matso kusa da kafaɗarsa. "Ba a ji ka ba," ta ce ƙasa-ƙasa. "Waccan ranar an ce har masu wanke tukwane a bayan gida sun ji ka."

Ta miƙa hannu kan teburin ciniki ta murɗe rediyon. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar kitse a kan gawayi.

"Baba!"

Muryar kasuwa ce, wadda ake jin ta daga wannan bakin layi zuwa wancan. Mai gashi ya tsaya da fiffike a hannu. 'Yan matan suka sauke wayoyinsu. Simo, wanda ya kai bakin ƙofa har ya ɗaga wa mai babur hannu, ya tsaya cak. Ya daɗe bai juyo ba. Da ya juyo, ya dubi hagu ya dubi dama, kamar mai neman wani dattijon da ake kira.

"Da ni ake?"

"Da kai nake, Baba."

Simo ya tako a hankali ya dawo. Idanunsa sun yi ja, amma a gefen bakinsa akwai wani abu da Wambo ya sani tun suna yara, irin na ranar da auta ya ɓoye wa yayansa takalmi ya zauna yana kallo ana nema. Ya ja kujerarsa ya zauna. Ya ture farantin tsiren gefe, can nesa da shi, ya jawo zakaran, ya ɓalle cinya ɗaya ya ajiye a gefen Wambo, ya ɓalle ɗayar ya riƙe.

"Kazar mutane na hucewa," ya ce. "Ruwan ma ya sauka in ya ga dama, ai ina da inda zan kwana a garin nan. Ina jin ka."

Wambo bai zauna ba. Ya zagayo teburin, ya rusuna da ƙyar saboda gwiwoyinsa, ya tafa hannu sau biyu kamar yadda gwaggwanninsa suka yi a ranar da shi ya ƙi. Mutanen Douala na kallo, Magne na kallo, ɗigon farko na ruwa ya buga kwanon rumfa.

"Na ci abin da ba nawa ba, kuma na faɗi abin da bai kamata ɗa ya faɗa ba," ya ce, bai rage murya ba. "A gaban mutane na yi, shi ya sa nake faɗa a gaban mutane. Ka neme ni ranar, ban zo ba. Ni ne da laifi. Ka yi haƙuri, Baba. Ka yafe mini."